Zauren Sani: Malami Daga Nesa, Karatu Cikin Salula

Koyarwa daga nesa ba sabon abu ba ne a ƙasar Nijar. A shekarar 1964 aka fara koya ma yara karatu ta talabijin cikin wasu azuzuwa. A 2009 wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC ya koya ma manya aiki da salula a ƙauyukan Dosso da Zinder. Waɗanda suka koyi salula sun fi sauran ci a jarabawar rubutu da lissafi.

Yau malami yana zaune Maradi ko Niamey, yana koya ma yaro guda da ke ƙauye ta intanet, ana biyansa ladansa. Kafin uba ya saida buhun gero ko tunkiya don wannan karatu, ya kamata ya san kayan aikin da ake bukata.

Na farko, salula mai shiga intanet. Ƙaramar salula ta kira kaɗai ba ta nuna hoto mai kyau.

Na biyu, wuta. Salula ba ta aiki in ba caji. Inda babu lantarki, ƙaramin farantin hasken rana yana biyan bukata. A yi caji da rana, a yi karatu da marece.

Na uku, rezo. Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecom duk suna aiki a ƙasa, amma ƙarfinsu ya bambanta daga gari zuwa gari. A tambayi maƙwabta wanne ya fi kamawa a garin kafin a sayi layi.

Na huɗu, hanyar magana. Da WhatsApp malami yana aiko murya, yaro ya saurara sau uku ko huɗu har ya gane. Yaro ya yi aikinsa cikin kaye, ya ɗauki hotonsa, ya aika. Malami ya gyara, ya maido. Akwai kuma kiran bidiyo, inda malami da ɗalibi ke ganin juna. Yana da amfani, amma ya fi murya cin kuɗin intanet nesa ba kusa ba. Inda rezo ba shi da ƙarfi, yana yankewa.

Sai a yi hattara. Kada a biya kuɗin wata uku gaba ɗaya ga mutumin da ba a sani ba. A nemi shawarar mushen lakwal na gari, shi ya san malaman ƙwarai. A sa rana da lokacin darasi. Uba ko uwa ko yaya ya zauna kusa, don salula tana kawo ilimi, tana kuma kawo wasa da banza.

Uban da ya yi yaƙi da jahilci yana iya duba kayen ɗansa da kansa kowane mako. In shafuka ba su cika ba, kuɗi ne ke tafiya a banza, sai a tambayi malami dalili.