Nijar: Azuzuwan Zana Da 'Ya'yan Talakawan Birni

Duk wanda ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi da kaya ya san su, wato rumfunan zana da karan gero da ake kafawa a harabar makarantun gwamnati a kira su aji. Idan dai ba a manta ba, ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas da ke Yamai, inda yara 20 suka rasu. Ko wata bakwai ba a cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yin irinta a cikin garin Maraɗi, ta ci rayukan yara aƙalla 25, 'yan shekara biyar zuwa shida.

Ƙungiyoyin malamai da na farar hula sun ɗaga murya, gwamnatin Mohamed Bazoum ta wancan lokaci kuma ta hana sanya yaran ajin raino a cikin zana. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar. A lokacin hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasar. To idan an hana zana alhali ba a yi ginin siminti ba, ina yaron zai zauna? Ga mai faci ko mai tura baro, wannan hani daidai yake da a ce masa an rufe ajin ɗansa. Mai hali kuwa ko a jikinsa, domin nasa na makarantar kuɗi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne iyaye ne ke riƙe da waɗannan makarantu. Tun cikin shekarun 2000 aka kafa kwamitocin kula da makarantu da aka fi sani da COGES, kuma a wurare da dama su ne ke tara kuɗi daga aljihun iyaye, su sayi zana da itace su kafa rumfar. Kara kuma ba ya samuwa sai an yi girbi, saboda haka ko da an buɗe makarantu a watan Oktoba, ɗan ajin zana sai ya jira. Da zarar hadarin farko ya taso da iska, karatu ya ƙare ke nan. Shekararsa guntuwa ce ta kai da ta ƙafa, amma jarrabawa ɗaya zai zauna da wanda ya yi wata tara a ƙarƙashin rufin kwano.

Da yawa daga cikin iyayen nan abokan cinikinmu ne, wasu ma surukai. Mun san 'yan kasuwa ba sa rowa idan aka zo neman gudummawar zana. Sai dai muna ganin kwamitin da ya iya tara kuɗin kara kowace shekara zai iya ɗaukar takarda ya je ofishin magajin gari ya tambaya: aji nawa na siminti aka sanya wa unguwarmu a kasafin bana, kuma wa aka ba kwangilar?