Haƙƙin Ɗan Ƙodago: Nairobi Na Nesa, Galmi Na Kusa

Ya ku ƴan'uwa, masu sahun gaba da na baya.

Da yawanku sun ji labarin da mujallar Time ta Amurka ta fitar a watan Janairun 2023. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya bi ta hannun wani kamfani mai suna Sama ya sa matasan Kenya a Nairobi su wuni suna karanta bayanan kisa da fyaɗe da alfasha, suna tantance su domin na'urar ta koyi guje musu. Ladansu bai wuce dala 2 ta Amurka a awa ba, wasu ma ƙasa da haka. Masu kamfanonin suka ƙara arziki, su kuwa yaran suka koma gida da abin da ke hana su barci. Zalunci ne, kuma duk wanda ya la'anci wannan aiki ya faɗi gaskiya.

Amma kai Alhaji da ka tura labarin ga jama'a kana Allah wadai, da kai nake. Motarka ta ɗauki albasa daga Galmi ta sauke a Abijan ko Akara, kuɗin suka shigo maka ta Nita ko Al Izza kafin direba ya juyo. Wayar nan ta rage maka jiran makonni zuwa minti kaɗan. To, wanda ya yi dashe da ban ruwa, da matar da ta tsinke ganye, da yaron Dogarawa da ya ɗora buhu a ka har wuyansa ya sage, me ta rage musu? Har yau amsarsu ɗaya ce: “a dawo ranar kasuwa.” Wani lokaci ma ka ce babu rezo, alhali yanzu ka gama biyan dillalinka da wayar da ke hannunka.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a addini. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan abin da ake binsa zalunci ne. Buhari kuma ya kawo hadisin da Allah da kansa Ya ce Shi ne abokin husumar mutum uku ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya sa ɗan ƙodago aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi lada. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure ta sharɗanta a ambaci lada da wa'adi tun farkon ijara. Saboda haka “yi aikin, zan ga abin da zan ba ka” ba ƙulla ijara ba ce.

Kuma kada ku yi mamakin ƴaƴanku da suka kwana suna dannan Hamster Kombat a 2024, har a harabar masallaci, daga bisani aka sallami mafi yawansu da abin da bai taka kara ya karya ba. Mun yi musu dariya. Amma yaron da ya ga ubansa yana zarya ƙofar mai albasa saboda jika biyu, ta yaya za ka gamsar da shi cewa gumi ya fi dannan waya?

Lambar mai aikinka tana cikin wayarka, kuma akwai shagon tura kuɗi a Konni da Malbaza. Tura masa yau, ka haɗa da kuɗin cirewa, don kada a zabge su daga haƙƙinsa.