Adon da ke karya ƙugun iyayenmu

A 'yan shekarun nan an samu sabon ma'auni na albarkar ɗa a garuruwanmu. Da zarar Allah ya buɗa wa mutum, sai ya rushe ɗakin mahaifiyarsa ya sake gini, ya shimfiɗa tayil tun daga zaure har makewayi, irin mai sheƙin nan da mutum ke hango fuskarsa a ciki. Dangi su zo ganin gida, a yi ta sa albarka. Niyyar tana da kyau, wannan babu ja. Amma akwai maganar da ba a son ji, kuma ita zan faɗa. Tayil mai santsi a wurin da ruwa ke zuba tarko ne. Wanda ya shimfiɗa shi, ya bar tsohuwa mai shekara 70 tana taka shi da jiƙaƙƙiyar ƙafa duk lokacin alwala, ya cuce ta, ko da kuwa ƙauna ce ta sa shi.

Kada mai karatu ya ɗauka ana kambama ƙaramin abu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa. Cikin haɗurran da ba da gangan ba, bayan haɗarin hanya babu abin da ya kai faɗuwa kisa. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi shafa. Hukumar ta kuma ce faɗuwa miliyan 37.3 a shekara kan yi tsananin da sai an nemi magani. A rahoton da ta fitar a 2007 ta nuna cewa tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wato idan dattawa uku suka zauna a tabarma ɗaya, kusan ɗaya daga cikinsu zai sha ƙasa kafin shekara ta zagayo.

Faɗuwar tsoho kuwa ba irin ta yaro ba ce, da zai tashi ya kaɗe jiki ya ci gaba da wasa. Ƙashi yana rage ƙwari da shekaru, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Zamewa ɗaya a banɗaki tana iya karya wuyan ƙashin cinya, wurin da ya haɗu da ƙugu. Daga nan sai kwanciya, kwanciya kuma ta jawo gyambon baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Bincike a ƙasashe dabam-dabam ya sha nuna cewa cikin tsofaffi biyar da suka karye a ƙugu, aƙalla ɗaya ba ya kai shekara guda a raye, da yawa daga waɗanda suka rayu kuma ba sa komawa tafiya kamar da. Duk wanda ya taɓa yin jinya a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko wani irinsa, ya san abin da karayar ƙugu ke ci na kuɗi da kwanaki da kuma mutuncin mara lafiyar da a jiya yake kai kansa bayan gida, yau sai an ɗaga shi.

Me ke sa ƙafa ta zame? Tafin ƙafa yana riƙe ƙasa ne saboda gogayya tsakanin abubuwa biyu masu ɗan kaushi. Idan ruwa ya kwanta a kan tayil mai sulɓi, ba shi da ramin da zai shiga, ba shi da hanyar da zai bi ya fita, sai ya zama siririn mayafi tsakanin ƙafa da ƙasa. A wannan lokacin mutum a kan ruwa yake tsaye. In aka ƙara kumfar sabulu, ko man da aka shafa wa ƙafa saboda kaushi da faso lokacin hunturu, to magana ta ƙare. Daɓen da kakanninmu suka taka, da simintin da ba a goge shi ya yi sumul ba, suna da nasu aibin, domin siminti ma yana yin gansakuka idan an bar shi a jiƙe. Duk da haka suna da kaushin da ke ba ƙafa abin kamawa. Mu muka cire wannan kaushin da kuɗinmu, muka kira abin ci gaba.

Maganin kuwa ba a nesa yake ba, kuma ba sabo ba ne. Tun a 1844 wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa ɗanyar roba da farar wuta, ta yadda ba za ta narke a zafi ko ta ƙage a sanyi ba. Roba mai taushi tana da hali biyu da tayil da busasshen filastik ba su da shi. Na farko, idan an taka ta sai ta lotsa, ta shiga cikin ƙananan ramukan ƙasa da ido ba ya gani, ta kama su. Na biyu, idan an yi mata zane mai kwarmi, ko ƙananan tudu-tudu, ruwa yakan samu magudanar da zai tsere, roba ta haɗu da ƙasa kai tsaye. Wannan ita ce hikimar zanen tayar mota. Babu direba mai hankali da zai kama hanyar Kano zuwa Kaduna da damina da tayar da ta cinye. Sai ga shi shi wannan direban zai bar mahaifinsa ya shiga wanka da silifas ɗin da ƙasansa ya goge ya yi sumul kamar tafin hannu. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa Najeriya ƙasa ce mai noman roba, a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba ta ƙasa a Iyanomo kusa da Benin.

Na san amsoshin da ake bayarwa, kuma kowace ta cancanci a tsaya a kanta.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara kamar yadda kowane mai imani ya yarda. Amma malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Mutumin da ke wannan magana yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana sa wa motarsa birki. A kan dukiyarsa ya san riko da sababi, sai a kan ƙashin mahaifiyarsa ne yake tuna tsautsayi. Wannan sakaci ne aka yafa masa rigar addini.

Wasu za su ce ai tsoho ne ya kamata ya riƙa taka-tsantsan. Wannan magana ta wanda bai san tsufa ba ce. Mai ciwon suga da ya daɗe jijiyoyin ƙafarsa sukan mutu, ba ya jin ko ƙasa a jiƙe take. Mai yanar ido ba ya ganin ruwa a kan farin tayil. Mai shan maganin hawan jini jiri na iya ɗibarsa idan ya miƙe da sauri daga tsugunno. Dattijon da fitsari ke tasa sau uku cikin dare yana shiga makewayi ne da barci a idonsa, sau da yawa babu wuta. Mai shanyewar ɓarin jiki ƙafa ɗaya gare shi mai biyayya. Mai ciki wata takwas ba ta ganin inda take takawa. Cewa irin waɗannan su kula tamkar cewa makaho ya duba gabansa ne. Ƙasar ce za a gyara.

Wasu za su ce shimfiɗar roba tana ɓata ado, tana kuma tara ƙazanta. Maganar ado ba ta kai a daɗe a kanta ba, domin babu baƙon da ke yaba kyan banɗaki yayin da mai gida ke kwance da ƙarfe a cinya. Maganar ƙazanta kuwa gaskiya ce, idan an shimfiɗa an manta. Shimfiɗar da aka bari a jiƙe wata da watanni takan yi yauƙi a ƙarƙashinta, ta koma abin da aka saye ta don ta hana. Ana ɗaga ta bayan wanka, a ɗauraye, a rataye ta bushe. Gidan da ake wanke buta da bokiti ba zai gaza wannan ba.

Sai masu cewa babu kuɗi. Ga talakan da ke wanka a kan siminti wannan uzuri ne da za a saurara, shi ma kuma takalmin da aka yanka daga tsohuwar taya, muddin zanensa yana nan, ya fi masa silifas mai tauri kama ƙasa. Amma wanda ya sayi tayil kwali-kwali ba shi da bakin cewa shimfiɗa ɗaya ta fi ƙarfinsa. Ya tambayi kuɗin hoton ƙashi, da na tiyata, da na wata uku da wani zai bar sana'arsa ya zauna jinya, sannan ya kwatanta.

Sai dai a kula, ba duk abin da aka kira roba ke amsa sunan ba. Kasuwa cike take da shimfiɗu na filastik mai tauri da walƙiya, waɗanda da kansu suke tafiya a kan tayil. Irin wannan ya fi babu muni, domin yana sa mutum ya saki jiki. Haka tsumma, da buhu, da guntun kafet da ake jefawa a ƙofar banɗaki. Kafin ka saya, danna farcenka a jiki: in roba ce ta ƙwarai za ta lotsa ta dawo. Juya ta ka duba ƙasanta. Mai kyau tana da ƙananan kofuna da ke tsotse tayil kamar ƙahon wanzami, kuma irin wannan a kan ƙasa mai sumul take kamawa. In ƙasar mai gurzu-gurzu ce, a nemi mai nauyi mai huji-huji da ruwa ke wucewa. Bakinta ya kasance siriri mai kwanciya, don kada ya harɗe mai jan ƙafa. Idan ka kai gida, jiƙa ƙasa, shimfiɗa ta, ka tura ta da ƙafarka da ƙarfi. In ta motsa, kada ka bar tsoho ya hau.

Wanda bai riga ya yi gini ba, aikinsa ya fi sauƙi. Masu yin tayil suna auna santsinsa. Akwai ma'aunin Jamusawa da ake bugawa a jikin wasu kwalaye, daga R9 zuwa R13, kuma duk yadda lambar ta ƙaru haka kamun ƙasar ke ƙaruwa. Na wurin da ake takawa ba takalmi kuma ana sa masa A ko B ko C, C ɗin ya fi kamawa. In babu rubutu, zuba wa tayil ɗaya ruwa a gaban mai shago ka goga tafin hannunka. Mai sheƙi a bango ya dace. Ƙasan banɗaki, da wurin alwala, da bakin famfo, da matakala, mai kaushi suke so. Wannan kira ya haɗa da kwamitocin masallatai, domin babu inda dattawa da ruwa da gaggawa ke haɗuwa kamar wurin alwala idan an tayar da iƙama.

Kada kuma a tsaya a ƙasa kawai. Sandar da baba ke dogarawa, juya ta ka ga ƙarshenta. Idan ɗan murfin robar ya cinye har itace ko ƙarfe ya leƙo, sandar ta daina taimakonsa, jiran rana kawai take. Ana sayar da murfin shi kaɗai a shagunan kayan asibiti, a sauya. Haka sandunan masu karaya, da ƙafafun kujerar da ake zama a yi wanka. A kafa ƙarfen riƙewa a bango kusa da masai, mai kaushi ko wanda aka naɗe da roba, a ɗaure shi da kusoshi masu ƙarfi, domin kan famfo da igiyar shanya ba su ɗaukar nauyin mutum. Takalmin cikin gida ya zama mai riƙe diddige, mai zane a ƙasa. Zafin ƙasarmu da bushewar hunturu suna ƙagar da roba ta tsattsage, saboda haka a riƙa dubawa, wadda ta yi tauri ta gama aiki.

Idan kuma duk da haka aka faɗi, ga abin da ya kamata a sani. Tsohon da ya kasa tsayawa bayan faɗuwa, yana kukan ƙugu ko matsematsi, musamman in ƙafar ta gajarce ta juya waje, a ɗauka karaya ce. Kada a ja ƙafar, kada a tilasta masa takawa, kada a ɓata kwanaki wurin mai ɗori, domin wannan ƙashin yana can ciki inda kara da tsumma ba su kai. Likitoci sun fi son yin aikin cikin kwana biyu. Wanda ya bugu a kai, ya yi amai, ko ya ruɗe, ko yana shan maganin tsinka jini, asibiti za a nufa nan take ko da babu rauni a waje.

Ya ku 'ya'ya masu son kyautata wa iyaye, ba a ce ku fasa gyara musu gida ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da ake nema shi ne yau ɗin nan, kafin a kira magariba, ɗayanku ya cire takalmi, ya jiƙa ƙafa, ya shiga makewayin inna ya taka yadda take takawa. In ƙafar mai shekara 40 ta nemi zamewa, ya san abin da ke jiran ta mai 70. Ba a fafe gora ranar tafiya.