Digirin Mulkin Asibiti: Wa Ake Ɗauka, Kuma Ina Ake Kai Karatun da Ya Riga Ya Yi?

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a babban asibiti ya san cewa rabin wahalar da ya sha ba ta shafi gwanintar likita ba. Katin majinyaci ya ɓace a ɗakin ajiye kati, injin wuta ya tsaya domin ba a sayi mai ba, maganin da ke sito ya lalace gama ba wanda ya duba ranar ƙarewarsa, ma'aikatan dare kuwa an rubuta mutum uku a takarda amma ɗaya ya zo. Waɗannan duka aikin mulki ne, kuma yana da ilminsa wanda ake koyarwa a jami'a har a ba da digiri a kansa, watau ilmin gudanar da asibitoci da hukumomin lafiya. Maganar wannan mako a kan ƙofar shiga wannan karatu ce: wa ake ɗauka, da wace takarda, kuma in mutum ya zo da karatun da ya yi a wata makaranta, nawa ake lissafa masa, nawa ake zubarwa.

Shi wannan fanni a Amurka ya fara kafuwa sosai. Jami'ar Chicago ce ta buɗe kwas na gaba da digiri a kan mulkin asibiti cikin 1934, daga baya aka sauko da shi zuwa digirin farko a jami'o'i masu yawa. Ɗalibinsa yakan karanta lissafin kuɗi da tattalin arziki da ƙididdiga, da dokokin aikin lafiya, da yadda ake sarrafa ma'aikata, sa'an nan a ɗora masa ilmin yaɗuwar cututtuka gwargwadon yadda zai fahimci abin da likita ke faɗa. A Nijeriya jami'o'in da ke koyar da shi ba su da yawa, ko da yake Jami'ar Nijeriya tana da sashe na musamman dominsa a reshenta na Enugu. Dokar manyan asibitocin koyarwa ta 1985 ta ajiye kujerar shugaban asibiti ga likita, ta kuma tanadi kujerar darektan mulki a ƙarƙashinsa. Gardamar da wannan rabo ya haifar tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya magana ce ta wata rana.

Bukatar masu wannan ilmi kuwa ta ƙaru ainun tun da aka sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa cikin 2014. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, wani kaso na kuɗin kuma yana sauka ne kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci. Ga kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta inshora a kan kowa. Ma'anar wannan ita ce malamin asibitin ƙauye wanda da can allura da awon ciki ne aikinsa, yanzu sai ya tsara kasafi, ya riƙe rasit, ya amsa tambayar mai binciken kuɗi. Irin wannan ma'aikaci shi ne ya fi kowa cancantar zama a ajin mulkin asibiti, kuma shi ne ƙofar ta fi matsewa.

Ƙofofin jami'a a ƙasar nan biyu ne, duka kuma a hannun hukumar JAMB suke, wadda aka kafa cikin 1978. Ta farko ita ce ta yaron da ya gama sakandare: kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ci jarrabawar shiga, ya fara daga aji ɗaya, ya yi shekara huɗu. A nan ma akwai wurin tuntuɓe, gama wannan fanni ɗan tsakiya ne. Inda aka ajiye shi a tsangayar kimiyyar lafiya akan nemi darussan kimiyya, inda kuwa aka jingina shi ga tsangayar mulki akan nemi tattalin arziki ko lissafin kasuwanci. Yaron da bai duba littafin sharuɗɗan JAMB ba kafin ya zaɓi darussan jarrabawarsa, yana iya cin maki mai yawa ya tarar ya ci a banza.

Ƙofa ta biyu ita ce ta shiga kai tsaye, wadda ɗalibai ke kira DE. Mai takardar IJMB ko JUPEB, da mai takardar NCE, da mai diflomar kwalejin fasaha, duk ta nan suke bi, a kai su aji biyu, su yi shekara uku. Wasu jami'o'i sukan kai mai babbar difloma aji uku in sakamakonsa ya yi kyau. A lissafin hukumar jami'o'i ta ƙasa, watau NUC, wanda ya shiga daga aji ɗaya sai ya tara aƙalla yunit 120 kafin a ba shi digiri, wanda ya shiga kai tsaye kuwa 90. Yunit ɗaya shi ne sa'a ɗaya ta lacca kowane mako har tsawon zango guda, watau kimanin mako 15.

To, a ƙaddara wani ma'aikacin lafiya da ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya ta jiharsa, ya fito da difloma, ya yi shekara goma yana riƙe da asibitin gunduma. Ya nemi hutun ƙaro ilmi, bayan dogon jira an ba shi. Tambayar farko da zai gamu da ita ita ce ko jami'ar ta san takardarsa ma, domin an daɗe ana samun diflomomin aikin lafiya waɗanda hukumar sana'ar ce ta ba da su, ba hukumar ilmin fasaha ta NBTE ba, kuma ba kowace jami'a ke karɓarsu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa makarantun aikin lafiya da na jinya da yawa suka koma ba da ƙaramar difloma da babba. In ya tsallake wannan siraɗi, sai a kai shi aji biyu. Shekara uku na karatu da goma na aiki an saye su a kan yunit 30, daidai da abin da aka ba yaron da ya yi IJMB na shekara guda. Darasin ƙididdiga da ya ci a makarantarsa ta dā zai sake zama ya ji shi, darasin tsarin kula da lafiya a matakin farko kuwa, wanda shi ne abincinsa na kullum, zai sake rubuta jarrabawarsa. Ba wanda ya buɗe takardar sakamakonsa ya duba abin da ke ciki darasi-darasi. Sunan takardar kawai aka karanta aka yanke mata farashi, kamar mai sayen hatsi a buhu ba tare da ya kwance baki ba.

Amurkawa da mudu suke awo. A can ma digirin farko kiredit 120 ne galibi, kuma yawancin darussa kiredit uku-uku ne. Ɗalibin da ya zo daga ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, ko daga wata jami'a, sai ofishin rajista ya baje takardar sakamakonsa, a gwada kowane darasi da takwaransa na gidan. Sharuɗɗan da aka fi yawan gani su ne makarantar da ya baro ta zama mai cikakkiyar amincewa, darasin kuma ya ci shi da darajar C ko fiye. Akan sa iyaka, misali kada abin da ya kawo daga ƙaramar kwaleji ya wuce kimanin rabin digirin, kuma lalle ya yi wani adadi, galibi kiredit 30, a jami'ar da za ta sa masa hatiminta. Manyan darussan fannin, irin su kuɗin asibiti da dokar lafiya, ba kasafai ake yarda a musanya su da na ƙananan azuzuwa ba. Akwai ma kwasa-kwasan da aka shirya musamman domin ma'aikacin jinya ko mai ɗaukar hoton ƙashi wanda ke da lasisi, a lissafa masa horonsa, ya cike ragowar yana bakin aikinsa. Ɗan Nijeriya da ya nufi can da diflomarsa sai ya fara biyan wani kamfanin tantance takardu, irin su WES, ya fassara sakamakonsa zuwa ma'auninsu.

Kada mai karatu ya ɗauka can aljanna ce. Cikin 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto inda ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗin da suka tara. Akwai kuma wata dabara da ba ta fita a irin wannan lissafi: a ce an karɓi darasin, amma a jefa shi cikin darussan ganin-dama, ba cikin na wajibi ba. Ɗalibi ya ga lamba ta hau a takarda ya yi murna, ranar gamawarsa kuwa ba ta matso ko da mako ɗaya ba. Inda abin ya yi sauƙi shi ne inda hukuma ta rubuta yarjejeniya tun da wuri. Jihar Florida ta yi haka tun 1971: wanda ya gama digirin share fage na shekara biyu a kwalejin gwamnatin jihar yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar tare da kiredit ɗinsa 60, kuma jihar ta ba darussa iri ɗaya lamba iri ɗaya a dukkan makarantunta, yadda magatakarda ba shi da hujjar cewa bai gane darasi ba.

Adalci ne a faɗi hujjar jami'o'in Nijeriya, domin suna da ita. Cikin 2023 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana cewa daga takardu 148 na masu neman shiga kai tsaye da Jami'ar Bayero ta Kano ta tantance, 6 kaɗai ne na gaskiya. A ƙarshen wannan shekarar kuma ɗan jarida Umar Audu ya buga labarin yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Magatakardan da ya ga irin wannan ba za a zarge shi ba in ya ƙi amincewa da takardar da bai san asalinta ba. Amma maganin jabu shi ne tantancewa daga makarantar da ta ba da takarda, kuma JAMB ta riga ta ɗauki wannan hanya. In an tabbatar takarda ta gaskiya ce, to, tsoron jabu ya daina zama dalilin ƙin duba abin da ke cikinta.

Har ila yau akwai abin da ya rage wa jami'o'i uzuri. A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin manhaja wanda ya sa kashi 70 cikin 100 na kowane kwas ya zama iri ɗaya a duk ƙasa, aka bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta. In haka ne, ɗalibar da ta gama aji biyu a Ikko, aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Sakkwato ko Maiduguri, ba ta kamata ta koma baya ba, gama mafi yawan abin da ta karanta shi ne ake karantarwa a can. Amma yadda aka saba, mai sauya jami'a yakan biya kuɗin fom mai tsada, ya yi ta zarya kafin takardar sakamakonsa ta iso, a ƙarshe kuma sau da yawa aji biyu ake ajiye shi, ko ina ya kai a inda ya baro. Cewa lalle mutum ya yi aƙalla shekara biyu a jami'ar da za ta ba shi digiri magana ce mai ma'ana, ba mai jayayya da ita. Abin da ba shi da ma'ana shi ne ɗalibi ya biya kuɗi, ya bar aikinsa, ya kama ɗaki, sa'an nan ya san ajin da za a sa shi.

Gyaran da ake bukata bai kai gina sabon ɗakin lacca tsada ba. Sashen da ke koyar da mulkin asibiti ya zauna da makarantun aikin lafiya na jihohin da ke kewaye da shi, a ɗora manhaja a kan manhaja, a fitar da takarda guda mai cewa darasi kaza na difloma ya wadatar da darasi kaza na digiri, majalisar jami'a ta sa hannu, a buga kowa ya gani. Wannan aiki ba zai yiwu sosai ba sai NUC da NBTE da hukumomin sana'o'in lafiya sun yarda su karanta takardun juna, domin kowacce ta daɗe tana auna ɗalibi da mudunta ita kaɗai. Inda ake shakkar ƙwarewar tsohon ma'aikaci, a yi masa jarrabawar darasin. In ya ci a ɗauke masa, in ya faɗi ya zauna a aji. Gwamnatocin jihohi ma suna da ruwa a ciki, tun da su ke biyan albashin mai hutun ƙaro ilmi, kuma kowace shekara da ya ƙara a jami'a yana maimaita abin da ya sani, shekara ce da asibitinsa ya yi ba shi.

Kafin a kai ga haka, mai niyyar wannan karatu ya yi wa kansa gata. Ya tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin kansa a wannan jami'ar, ba jami'ar kawai ba, domin akan sami jami'a mai rajista tana gudanar da kwas maras amincewa. Ya je sashen da ƙafarsa, ya nuna ainihin takardarsa, ya nemi a rubuta masa ajin da za a sa shi da darussan da za a ɗauke masa, gama alkawarin baki na wani akawu ba ya tsayawa a gaban majalisar jami'a. Ya nemi takardar sakamakonsa daga tsohuwar makarantarsa tun watanni kafin a buɗe rajista, ya kuma adana manhajar darussan da ya yi, wadda ita ce shaidarsa in an zo gwadawa. Gurbin da aka ba shi kuwa ya duba ya gan shi a na'urar JAMB ta CAPS, wadda aka fara aiki da ita cikin 2017, domin gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa takan ɓullo ne bayan an gama karatu, ranar da aka zo tattara sunaye.