Gandun Daji da Riƙon Sakainar Kashi

A 1936 aka keɓe dajin Kamuku na Birnin Gwari ƙarƙashin En'e. A wancan zamani malaman daji ba sa fashin sintiri, wanda ya sare itace ba izini kuwa sai ya gurfana gaban alƙali. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, sai dazuzzuka da dama suka zama abin yanka wa 'yan lele gonaki, aka toshe burtali. Da hukuma ta janye jiki, 'yan bindiga suka gaje Kamuku da Rugu. Soja na iya fatattakarsu, amma dajin da ba mai kula da shi zai sake yin baƙi. Wajibi ne majalisun jihohi su tilasta a bayyana kowace hekta da aka yanka, da wanda aka ba.