ALEWA TAMU, CIWON HAƘORI NAMU, RIBA TASU!

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! A Bompai da Sharada da Challawa ake dafa alewa, ake gasa biskit, ake ɗura lemon kwalba. 'Ya'yanmu ne leburorin, mu ne masu sarin kayan a kasuwar Singa, ƙananan yaranmu ne masu sha. To, in haƙorin yaro ya ruɓe ya kwana yana kuka, wa ke biyan kuɗin cirewa? Talaka!

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin cuta na baki su ci sukari, su fitar da tsami, tsamin ya huda haƙori. Inda ya fi yin ɓarna shi ne turame, domin samansu akwai 'yan kwaruruka da asuwaki ba ya shiga sosai. Turmi na farko da ba ya famfara yana fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12. In ya lalace, babu wani a bayansa.

Maganin kuwa ba sabo ba ne. Tun 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya gano hanyar manna roba a jikin haƙori. Ana shafa wani ɗan ruwa a kan turmi, ya daskare, ya toshe kwarurukan. Babu allura, babu huji, babu zafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce wannan shafi yana hana kashi 80 cikin 100 na ruɓewar turame a shekara 2 na farko.

Za su ce babu lantarki a makarantunmu. Ƙarya ta ƙare! Akwai wani irin siminti na haƙori da ake dannawa da yatsa, ba ya bukatar wuta, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ba a yi sai da su. Za su ce babu ma'aikata. Jami'ar Bayero ba ta yaye likitocin haƙori? Za su ce babu kuɗi. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Daga aljihun wa kuɗin ya fito? Ina rabon haƙoran yaranmu a ciki?

Abin da muke nema a fili yake. Gwamnati ta tura ma'aikata makarantun firamare da na allo su shafe turamen kowane yaro kyauta. Masu masana'antu su ɗauki nauyin makarantun da ke maƙwabtaka da su. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu ma da namu aikin: a rage wa yara zaƙi, a goge musu baki safe da dare da man goge baki mai fulorayid. Sannan duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tare shi da wannan magana kafin ya zauna.