Mutanen Gure, kada mu bari dajin nono ya kai hanta

Jama'ar Gure da Kelle da Gidigir da Bune, iyaye mata da magidanta, ku saurara! Ciwon dajin nono yana ɗauke mana mata, kuma ɓoyo ne ke ba shi hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai ya yi sanadin rasuwar mata kusan 670,000.

Da ɗan ƙullutu mai tauri yake farawa, galibi ba zafi. Mace ta ji shi da yatsunta wajen wanka, ta ja zane ta rufe, don kunya ko tsoron kada a yanke mata nono. Sai a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, a kira wanzami ya yi sakiya. Ana haka ciwon yana bin jini, ya sauka a ƙashi ko huhu ko hanta. In ya kama hanta, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, gefen dama ƙasan haƙarƙari ya yi ta ciwo, mu kuwa mu ce shawara ce.

Ku sani, likitoci na iya yanke sashen hantar da ya kamu, domin hanta tana sake tofowa. Amma kaɗan ne ake yi wa wannan aiki: wadda ƙullutun bai yi yawa ba, bai bazu wani wuri ba, magani ya karɓe ta, kuma tana da ƙarfin jiki. Sauran sai allurai da ƙwayoyi, masu rage raɗaɗi da danne ciwon. Aikin da ake gudu tun ciwon yana nono, shi ne mai sauƙi, shi ne kuma ya fi ceton rai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mata, ku riƙa duba nononku kowane wata. In kun ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ku nufi asibitin Gure. In an tura ku babban asibitin Damagaram, ku tafi. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji, inda aka buɗe sashen gasa ciwon da na'ura a 2021.

Magidanta, izini da kuɗin mota suna hannunku. Akuyar da za ka sayar yau ta fi kukan gobe. Limamai da masu gari, ku faɗa a masallaci da fada. Wadda kuma nata ya riga ya kai hanta, kada a yasar da ita a ɗaki, a kai ta ga likita. Mu tashi, jama'a, tun da sauran lokaci!